Kunyar Ɗan Fari a Ofishin Biza

Duk wanda ya saba bi ta unguwar da ke bayan layin dogo a Beltsville ta ƙasar Amurka ya san gidan Malam Munzali Ɗan Azumi, ko da bai san mai gidan ba. Shi ne gidan da yakuwa da rama ke leƙo kai ta saman shinge in zafi ya shigo, har maƙwabta su tsaya suna tambayar wane irin fure ne wannan. Mai gidan gajere ne kakkaura, mai yawan fara'a da ƙarancin magana. A ɗakunan gilashi na wata gonar bincike yake aiki. Shi ke dashe, shi ke ban ruwa, shi ke lura da zafi da sanyin tsirran da masana ke gwaji a kansu. Yakan ce sana'ar ubansa yake yi, bambancin kawai shi ne ubansa bai taɓa samun rufi a kansa a wurin aiki ba.

A Bukuru aka haife shi, zamanin da jirgin ƙasa ke shigowa tasha a kan lokacinsa, har mutane su gyara agogonsu da kukansa. Ubansa, Ɗan Azumi, ɗan lambu ne a bakin ɗaya daga cikin kududdufan da haƙar kuza ta bari. Latas da karas da kabeji yake nomawa, fatake na kwasa zuwa Kudu. Uwarsa Uwani ce, shi ne kuma ɗanta na fari. Da aka yaye shi sai aka miƙa shi ga Goggo Sailuba, yayar ubansa, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. Sana'arta toya masa, wato waina, a bakin tasha, lungu ɗaya ne kuma tsakanin gidanta da na ƙaninta. A bayanta ya girma, cikin hayaƙi da ƙamshin man gyaɗa, yana ce mata Inna.

Yaran yanzu sai an zaunar da su an yi musu bayanin kunyar ɗan fari, amma a wancan lokaci ba mai bukatar bayani. Uwani ba ta kiran sunan Munzali. Ba ta duban idonsa, ba ta cin abinci in yana wurin, in kuwa aka tambaye ta 'ya'yanta sai ta fara daga Tayyiba, wadda ke bi masa. Shi ma Yaya yake ce mata, kamar yadda ya ji ƙannenta na faɗi. Ran da ta yi dambun da yake so, sai ta cika kwano ta aiki Tayyiba ta ce a kai wa Goggo. Goggo Sailuba kuwa ba ta cin dambu, duk lungun an san haka. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya. Tarbiyya ce, ana ma yabon Uwani a kai.

Munzali ya yi makarantar aikin gona, ya ɗan taɓa aikin gwamnati, sannan sunansa ya fito a cacar biza ta Amurka. Ya yi wankin kwanuka a gidan abinci, ya yi gadi, ya yi tuƙi, kafin ya sami ɗakunan gilashin nan ya zauna. Ya koma gida ya auri Furera, wadda yanzu take aikin jinya a wani gidan kula da tsofaffi a Lanham. Allah ya ba su 'ya'ya uku, babbarsu Afnan. A Lanham ɗin ne kuma, a kantin kayan abincin gida, ya ji wani dattijo na ciniki da irin Hausar da sai a Filato ake jin ta. Ya yi masa sallama. Ashe Baba Dalyop ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa na Bukuru, wanda ya sha sayen latas a hannun Ɗan Azumi, ya kuma ci masar Sailuba har ba adadi. Tun daga ranar suka ƙulla. Duk Lahadi in an tashi daga coci Baba Dalyop yakan biyo ta Beltsville ya ci tuwo, ya kushe yakuwar Munzali, ya kuma cika leda da ita ya tafi.

Shekaru suka ja. Ɗan Azumi ya rasu, 'yan matan gida suka yi aure, Nasir ɗan autan ya sami aiki a Kaduna. Uwani ta rage ita kaɗai da ciwon gwiwa. Munzali kuwa, tun ran da ya zama ɗan ƙasa, abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Ya haura hamsin, amma tun da aka yaye shi bai sake kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da matar da ta haife shi ba. Yana so ta zo ta zauna a gidansa, ta ga likita, ya riƙa jin motsinta da safe. Bai iya faɗa mata da bakinsa ba, don ko ya buga waya gaisuwa ce kawai, sai ta ce a ba ta matar gidan. Furera ce ta kai saƙon. Amsar ma ta hannunta ta dawo: in haka mutanen Amurka suka ga ya dace, to. Goggo Sailuba ta sa albarka, ta ce ita dai ko an ba ta kujera kyauta ba za ta hau abin da ba ya taka ƙasa ba, a ɗauki Uwani.

Ya cika takardun neman biza na ɗa ga mahaifiyarsa, ya haɗa da shaidar haihuwa, ya aika wa hukumar shige da fice. Aka daɗe, sannan amsa ta zo cewa an amince. Takardun suka wuce ofishin jakadanci, aka sa wa Uwani ranar ganawa a Legas. Munzali ya fitar da kekuna da akwatuna daga ɗakin ƙasa don kada ta sha wahalar hawa bene, ya shafe bangon da fenti ruwan ƙwai, ya kafa ƙarfen dafawa a banɗaki. Baba Dalyop ya zo ya duba aikin, ya ce ko sarkin tasha bai kwana a ɗaki irin wannan ba.

Nasir ne ya raka Uwani Legas, amma a bakin ƙofa aka tsayar da shi. Ta shiga ita kaɗai da sandarta. Jami'in saurayi ne mai sanyin murya, yana bayan gilashi, tafinta na gefensa. Aka sa ta ɗaga hannu ta rantse za ta faɗi gaskiya, ta rantse. Ya tambaye ta wa ya nema mata biza. Ta ce mutanen Amurka. Ya ce mene ne sunansa. Ta sunkuyar da kai, ta ce ai a rubuce yake a gabansa. Ya ce ta faɗa masa sunayen 'ya'yanta. Ta fara daga Tayyiba ta sauka har kan Nasir, ba ta yi tuntuɓe ba. Jami'in ya duba takarda, ya dube ta, ya ce to Munzali fa.

"Ɗan Sailuba ne," in ji ta.

Tafintan ya gane abin da ke faruwa, ya ciji leɓe, amma aikinsa ya faɗi abin da aka faɗa, haka kuwa ya yi. Jami'in bai yi gaggawa ba. Ya sake ɗauko tambayar ta wata hanya, ya ce ita ta haife shi? Uwani ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce a tambayi mutanen gida. Ya ce yaushe rabonta da hira da shi a waya. Ta ce ita ba ta hira da shi, da matarsa take yi. Ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya yi mata godiya, ya miƙo mata fasfonta da wata takarda. Ta fito da fara'arta, ta gaya wa Nasir cewa yaron akwai ladabi, sai dai tambayoyinsa babu kunya a ciki, amma ta ba shi amsa irin ta 'yar mutunci.

Munzali na cikin dashen waken suya lokacin da Nasir ya bugo ya karanta masa takardar, ya kuma maimaita masa yadda aka yi. Da ya ji "ɗan Sailuba ne" sai dariya ta ƙwace masa, don ya ga fuskarta sarai kamar yana wurin. Daga baya ya nemi bokiti ya kifa ya zauna. Takardar cewa ta yi ba a ba da biza ba, za a mayar da batun ga hukumar da ta amince da shi tun farko.

Wani abokin aikinsa ya haɗa shi da wata lauya mai suna Abby, mace mai saurin magana da kofin shayi a hannu kullum. Ita ta warware masa yadda abin yake. Ta ce takardar da hukuma ta amince da ita a nan, jami'in can ba shi da ikon soke ta. Amincewar hujja ce a hannunsa, ba ya kuma mayar da ita don kawai zuciyarsa ba ta kwanta ba. Amma aikinsa ne ya tabbatar abin da ke rubuce ya yi daidai da mutumin da ke tsaye a gabansa. In ya ji wani abu takamaimai wanda masu amincewar ba su sani ba, sai ya rubuta bayanin abin da ya gani da abin da ya ji, ya haɗa da takardun ya mayar. Hukumar ce za ta duba. Ko ta sake tabbatar da amincewarta ta tura masa, ko ta rubuto wa mai nema cewa tana da niyyar sokewa, ya kawo amsarsa cikin wa'adi. In amsar ba ta gamsar ba, shi ke nan, an soke.

Munzali ya yi ƙoƙarin bayyana mata kunyar ɗan fari. Ta saurara har ƙarshe, ta ce abin ya burge ta, ta kuma ce, "Mista Munzali, mahaifiyarka ta rantse, sannan ta ce kai ɗan wata ne. Da ni ce a kujerarsa, abin da zan yi ke nan."

Bai yi musu ba. Shi ma ya ga gaskiyar jami'in.

Watanni suka wuce, ɗakin ƙasa na rufe, Furera na shiga lokaci-lokaci ta kakkaɓe shimfiɗa. Sannan wasiƙar niyyar sokewa ta iso. Abby ta ce abu biyu take so. Na farko gwajin jini tsakaninsa da Uwani, wanda yanzu ma ba jinin ake ɗiba ba, auduga ake goga wa mutum a cikin kumatu. Na biyu kuwa rantsuwa a rubuce daga ita Sailubar da aka ambata, cewa ba ita ta haife shi ba.

Na farkon bai ba da wahala ba. Munzali ya je aka goga masa audugar a nan, aka aika kayan gwajin ofishin jakadanci, Nasir ya sake kai Uwani aka goga mata nata a gaban shaidu. Ta ce wa Nasir ita ba ta ga abin da auduga za ta sani ba wanda mutanen lungu ba su sani ba, amma ta buɗe baki.

Na biyun ne ya tsaya. Da Nasir ya je wa Goggo Sailuba da maganar, sai ta kore shi da muciya. Munzali ya buga mata waya da kansa, ya gaishe ta, ya lallaɓa ya kawo zancen. Ta ce ita ta goya shi har bayanta ya yi kanta, ita ta kwana a kansa da ya yi ƙyanda, ita ta sayar da masa ta ɗinka masa kayan makaranta. Yanzu da furfurarta za a kai ta gaban alƙali ta ɗaga hannu ta ce ba ɗanta ba ne? Ta ce ya gaya wa Turawan su riƙe bizarsu. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Inna," ya ajiye waya.

Ran Lahadi ya ba Baba Dalyop labari a kan tuwo. Dattijon ya yi dariya har sai da Furera ta kawo masa ruwa. Ya ce shi dai bai taɓa ganin mai arziki irin Munzali ba: uwa ɗaya ta ƙi cewa ɗanta ne, ɗayar ta ƙi cewa ba ɗanta ba ne, ga shi nan a tsakiya da furfura kamar wanda aka tsinta a tasha. Da ya wanke hannu sai ya ce a kira masa mai masa.

Sun daɗe suna gaisawa. Ya tambaye ta mutanen lungu ɗaya bayan ɗaya, rabinsu ta ce sun rasu, ya yi musu addu'a irin tasa, ta amsa da irin tata. Ya ce har yau bai ci masa mai daɗin tata ba, ta ce ƙarya yake, da can ma kushewa yake yi. Sai da hira ta yi daɗi ya tambaye ta, wai ran da aka haifi Munzali tana ina? Ta ce tana ina kuwa, ita ta riƙe Uwani, ita ta ruga cikin ruwan sama ta kira ungozoma, ita ta fara ɗaukarsa kafin kowa.

"To, Sailuba, abin da za ki faɗa ke nan," in ji Baba Dalyop. "Ba wanda ya ce ki ce ba naki ba ne. Ki ce kin ga ran da Uwani ta haifa miki shi."

 Sai ta ce in haka ne za ta faɗa, amma da sharaɗin a rubuta cewa ita ta raine shi, a kuma karanta mata ta ji da kunnenta kafin ta dangwala yatsa. Abby ta ce wannan ma ya fi abin da ta nema, don ya bayyana dalilin amsar Uwani. Baba Dalyop shi ma ya rubuta tasa shaidar, da kyakkyawan rubutunsa na 'yan makarantar da, cewa ya san gidan tun Munzali na goye, ya kuma san al'adar. Sakamakon gwaji ya fito ya ce abin da mutanen lungu suka sani. Abby ta haɗa duka ta aika kafin wa'adi ya cika.

Hukumar ta sake tabbatar da amincewarta, takardun suka koma Legas, aka sa wata ranar ganawa. Abby ta ja kunnen Munzali cewa har yanzu za a yi wa Uwani tambaya, kada ta sake mayar da su wurin Sailuba. Aikin koya mata amsa ya faɗa kan Furera. Nan ma aka sami cikas, don Furera ba ta iya kiran sunan mijinta a gaban surukarta. Sai ta ce, "Iya, in sun ce wane ne shi a wurinki, sai ki ce…" ta tsaya. Uwani ta ce, "Wa?" Furera ta ce, "Shi." Uwani ta ce ai ta gane, su bar maganar, yaya yara. Haka suka yi ta yi mako bayan mako, ba wadda ta kai ƙarshen jimlar. Munzali na jin su daga kicin. Ya riga ya ƙudurta a ransa cewa ba zai matsa mata ba, ko da ɗakin ƙasa zai koma ma'ajiyar kekuna.

A ganawa ta biyu wata jami'a Uwani ta samu, da sakamakon gwajin da shaidar Sailuba a gabanta. Ba ta nemi ta faɗi suna ba. Ta ɗaga hoton Munzali ta jingina a gilashi, ta ce wane ne wannan a wurinta. Uwani ta dubi hoton, abin da ba ta taɓa yi wa mai hoton ba. Ta daɗe tana dubawa, har tafinta ya fara gyara tsayuwa.

"Baban Afnan ne," in ji ta a hankali. "Ni na haife shi."

Jami'ar ta karɓi fasfonta ta ce an ba ta biza. Uwani ba ta gaya wa Nasir abin da ta faɗa a ciki ba. Furera kaɗai ta gaya wa a waya, bayan ta sa ta yi alkawarin ba za ta kai maganar gaba ba. Furera ta riƙe alkawarin har zuwa lokacin da mijinta ya dawo daga aiki. Ya sa ta maimaita masa kalmomin yadda aka faɗe su, sannan ya fita bayan gida ya daɗe yana ban ruwa ga abin da ya riga ya sha ruwa.

Farkon bazara Uwani ta sauka a filin jirgin sama na Dulles, ana tura ta a keken marasa lafiya, tana ta yi wa mai turawar godiya da Hausa. Ta rungume Furera, ta shafa kan jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ta tsokani mazan da cewa ga mazajenta amma ba wanda ya zo mata da ko goro. Ta gaisa da Baba Dalyop ta isar masa da saƙon zagi daga Sailuba. Munzali ya durƙusa ya ce, "Sannu da hanya, Yaya." Ta kau da kai ta amsa wa iska, ta tura masa jakarta da ƙafa. Ya ɗauka ya rataya, ya wuce gaba yana murmushi har mota.

Tana ɗakin ƙasa har yanzu. Gwiwar ta yi sauƙi, ta koyi kunna na'urar ɗumama ɗaki, ta kuma hana kowa taɓa tukunyar miya ran Juma'a. In Munzali ya shigo falo takan tashi ta koma ɗakinta, ta bar ƙofa a buɗe. Da safe, yana ɗaura takalmin aiki a bakin ƙofa, yakan ji muryarta daga ciki tana tambayar Furera ko wancan ya karya kafin ya fita, ta kuma ce a gaya masa ya sa hula, akwai sanyi. Furera ta leƙo ta gaya masa, ko da yake ya ji da kunnensa. Shi kuma ya ce a gaya mata ya sa.